A rubuta mana littattafan koyon girki da ɗaukar hoto saboda wanda bai taɓa yi ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da marubutanmu da masu ɗab'i a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ni mai ɗaukar hoto ne a Tudun Wada, nan Kaduna. Na shiga sana'ar tun zamanin fim, lokacin da ake saka wa kyamara fim mai hoto 36, mutum ya yi ta lissafi kafin ya danna, don sai an kai an wanke zai san ko aiki ya yi ko ɓarna. Yara da dama sun koyi aiki a hannuna, wasunsu yau suna da shagunansu a Kawo da Rigasa. Duk tsawon shekarun nan ina ganin na iya koyarwa, sai da na shiga kicin ɗin gidana na gane da sauran aiki a gabana.

Bara cikin hunturu surukata ta kwanta rashin lafiya a Zariya, maiɗakina ta tafi jinya, ta yi kusan wata biyu. Ta bar ni da yara huɗu, duka maza, babbansu yana aji biyu na ƙaramar sakandare. Kwanakin farko maƙwabta ne suka riƙa aiko mana da abinci, Allah ya saka musu da alheri. Daga nan muka koma sayen na waje, kuɗi suka soma tafiya, autan kuma ya fara ciwon ciki. Wata Asabar na ce yau tuwo za a ci a gidan nan. Akwai garin masara, akwai kuka, akwai daddawa. Na kira yayata da ke Unguwar Dosa, wadda in biki ya tashi a danginmu ita ake bar wa tukunya.

Na ce, "Yaya, ruwa nawa zan ɗora?"

Ta ce, "Daidai misali."

Na ce, "Garin fa?"

Ta ce, "Ka yi ta zubawa har sai ya yi."

Na ce, "Ta yaya zan san ya yi?"

Ta yi shiru, can ta ce, "Ai za ka gani."

Ban gani ba. Na juye busasshen gari kai tsaye cikin tafasasshen ruwa, ya dunƙule ya yi gudaji, waje ya dahu, ciki ɗanye. Yaran suka ci loma bibbiyu saboda kunyata, autan ya kwana da shayi da burodi. Abin ya tsaya mini a rai.

Yaya ba rowa ta yi mini ba. Ta fi shekara arba'in tana tuƙa tuwo, ilimin ya bar bakinta ya koma hannunta. Ta manta akwai mutumin da bai san ana fara yin talge ba. Washegari ta hau Keke ta zo da kanta. Na tsaya a gefenta da biro da takarda, duk abin da ta ɗiba sai in ce ta dakata in auna da gwangwanin madara. A ranar na ga abubuwan da ba ta faɗa mini a waya ba. Ta dama gari kaɗan da ruwan sanyi tukuna, ta tsiyaya shi cikin ruwan da ke tafasa tana juyawa. Ta rufe, ta bar shi yana fut-fut har warin ɗanyen gari ya tafi. Sannan ta rage wuta, hannu ɗaya na barbaɗa gari, ɗayan na riƙe da muciya, tana jawo tuwon tana murƙushe shi a jikin tukunya. Ta yayyafa ruwa kaɗan, ta rufe ya sulala, ta sake tuƙawa. Kafin ta kwashe sai da ta tsoma mara a ruwa don kada ya manne. Miyar kukar ma haka: sai da ta rage wuta, sannan ta riƙa barbaɗa kukar kaɗan-kaɗan tana kaɗawa da maburgi. Na ce, "Yaya, duk wannan ba ki faɗa mini ba." Ta ce, "Ƙanena, ni ban san abin faɗa ba ne."

Daren nan na kasa barci, domin na ji muryata a bakinta. Yaro ya kawo mini hoton da ya ɗauko, in duba in ce, "Bai fita ba, ka riƙa duba haske." Ya ce to. Gobe ya sake kawo irinsa, in ce ba ya mai da hankali. "Ka duba haske" da "daidai misali" uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Allah kaɗai ya san yara nawa suka bar shagona suna ganin ba su da basira, alhali ni ne ban buɗe musu maganar ba.

Da na samu sarari na zaga wajen masu sayar da littattafai, a Kasuwar Sheikh Gumi da kuma bakin masallacin Sultan Bello. Na samu ƙananan littattafan girki na Hausa, galibi mata ne suka rubuta, kuma sun yi ƙoƙari ƙwarai. Sai dai waɗanda na buɗe duk da wadda ta riga ta iya suke magana. Za a jera kayan haɗi, shinkafa, albasa, attaruhu, mai, ba a ce nawa ba, sai a ce "ki soya sama-sama." Na ɗaukar hoto kuwa, ban ci karo da ko ɗaya da Hausa ba. Na Turancin da nake da su a shago suna da amfani, amma misalansu dusar ƙanƙara ce da farar fata, kamar yadda na girkinsu ke ɗauka kowa na da sikeli da oban a gida.

Littafin girkin da nake so in gani na farko shi ne na tuwo da miya da shinkafa da wake, abincin kullum, saboda mutumin da bai taɓa kunna risho ba. A yi awo da abin da ke kowane gida: gwangwanin madara, cokalin shayi, cokalin cin abinci, ludayin miya. Kada a tsaya a kan mudu kaɗai, don mudun Kaduna daban, kwanon awon Kano daban, ko a kasuwa ɗaya ma akan samu bambanci. A faɗi adadin mutanen da girkin zai ciyar. A faɗi irin wutar, domin minti goma a gas ba minti goma ba ne a gawayi ko icce. Abin da ya fi agogo muhimmanci ma shi ne alama: yadda abin zai yi a ido, da ƙanshin da zai tashi, da ƙarar da za a ji. Ɗanwake in ya dahu yakan taso saman ruwa. Mai in ya yi zafin suya, ka ɗiga ƙullu kaɗan za ka ga ya taso nan take yana ƙara. Jajjage in ya soyu, mai yakan fito samansa, tsamin tumatir ya tafi. Irin waɗannan su ne "za ka gani" ɗin da Yaya ke nufi, kuma duk ana iya rubuta su.

Kowane girki kuma a bi shi da shafin "in ya ɓaci". Wannan shafin ne ɗan koyo zai fi buɗewa. Ƙosai ya sha mai: ko man bai yi zafi ba, ko ƙullun ya yi ruwa, ko ba a buga shi sosai iska ta shiga ba. Ɗanwake ya yi ɗaci ya yi duhu: kanwa ta yi yawa. Waina ta ƙi tashi: yis ɗin ya tsufa, ko sanyi ne ya hana shi aiki, don ƙullun da zai kumbura da wuri a zafin Maris da Afrilu, a sanyin Disamba sai an ba shi lokaci an ajiye shi wuri mai ɗumi. Wanda ya san dalili ba zai zubar da tukunya ya ce shi ba shi da hannun girki ba.

Shafin farko kuwa, kafin a zo ga ko da dafa ruwa, ya zama na kiyaye rai. In ka ji warin gas kada ka ƙyasta ashana, kada ka taɓa makunnin lantarki, ka rufe tukunyar gas ka buɗe tagogi. Mai in ya kama da wuta ba a zuba masa ruwa, kashe murhun ake yi a rufe kaskon da murfi. Gawayi ba a shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa saboda sanyi, iskar da yake fitarwa ba ta da wari amma tana kisa.

Akwai wata magana da nake so marubuta su duba. Littattafan da na gani daga farko har ƙarshe "uwargida" da "amarya" suke kira, "ki ɗauko", "ki zuba". To ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna fa, da na Jami'ar Jihar Kaduna, da na Jami'ar Ahmadu Bello, waɗanda ke rayuwa a kan taliyar leda? Masu hidimar ƙasa fa, da magidancin da aka yi wa rasuwa aka bar shi da yara, da irina da lalura ta faɗa wa? Namiji zai ji nauyin ɗaukar littafin da ke ce masa amarya. A rubuta guda ɗaya da "a ɗauko", "a zuba", na girkin tukunya ɗaya: dafa-duka, faten wake, faten doya, garau-garau. Na tabbata zai samu masu saye.

Sauran zan ambata a gurguje. Littafin mai sana'ar abinci, wanda zai koya wa mace lissafin gari da mai da gas da leda da wahalarta kafin ta yanka farashi. Littafin abincin mai ciwon suga da hawan jini da na yaye, amma wannan sai da likita a ciki. Da kuma wanda zai tattara abincin jihar nan kafin tsofaffi su tafi da shi, tun daga alkaki da nakiya da funkaso na ƙasar Zazzau har gwaten acca na kudancin Kaduna da abin da ake yi da cittar Kachiya.

Na dawo ga sana'ata. Littafin hoto na farko da waya ya kamata ya fara, don ita ce a hannun kowa, Tecno ce ko Infinix ko Itel. Darasin farko ma layi ɗaya ne: goge idon kyamarar da gefen riga kafin a ɗauka. Yawancin hotunan da ake kawo mini ana cewa wayar ce ba ta da kyau, maiƙon yatsa ne da ƙura.

Kwanan baya wata maƙwabciyarmu mai yin cincin da dubulan ta aiko ɗanta da wayarta, wai in duba mata, tana saka hotunan kayanta a WhatsApp amma ba a tambaya. Na duba. Duk da dare ta ɗauka, ƙarƙashin ƙwan lantarki, farantin a kan ledar ɗaki mai zane-zane, ga filash ya sa man ya yi ƙyalli, dubulan ya koma kamar ya ƙone. Na ce wa yaron gobe da hantsi ya zo da farantin. Muka ajiye shi a bakin ƙofar zaure, cikin inuwa, hasken waje na shigowa ta gefe ɗaya. Na shimfiɗa farin zane a ƙasa, na ba shi farin kwali ya riƙe ta ɗaya gefen don ya mayar da haske kan inuwar. Na kashe filash, na ce ya matso da ƙafarsa maimakon ya ja hoton da yatsu, ya taɓa dubulan ɗin a fuskar wayar don ta tsaya a kansa. Ya danna. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, "Baba, wannan na Umma ne?" Wayar ita ce dai ta jiya. Duka abin bai kai minti biyar ba, kuma zai shiga shafi biyu na littafi. Mata nawa ne a garin nan ke sayar da abinci da atamfa da turaren wuta ta waya? Littafin ɗaukar hoton kayan sayarwa kaɗai ya isa ya ɗauki nauyin buga sauran.

Sai a koyar da hasken ƙasarmu da fatarmu. Rana tsaka ba lokacin hoton fuska ba ne, hula ko goshi kan jefa inuwa a idanu su zama ramuka; a nemi inuwar bishiya, ko a jira la'asar sakaliya. Hazon hunturu yakan tausasa haske, fuska ta yi kyau, amma sama ta yi fari fat, ƙura kuma ta shiga kayan aiki. Bayan ruwan Agusta komai yakan fito tas. Babbar matsalar da ke kayar da yara a ɗaurin aure ita ce baƙin mutum cikin farar shadda. Kyamara takan ga fari ya yi yawa sai ta rage haske da kanta, rigar ta fito, fuskar ango ta nutse. In ka ƙara da yawa kuma, fuska ta fito, aikin wuyan rigar ya ƙone ya ɓace. Akwai tsakiya, kuma ana iya nuna ta da hoto uku a jere a shafi ɗaya. Haka wanda ya tsayar da mutum taga na bayansa, ya samu baƙar inuwa maimakon mutum.

Littafi na biyu shi ne na mai son riƙe babbar kyamara ya ci abinci da ita. Abu uku ne ginshiƙi, kuma tun ranar da Yaya ta koya mini tuwo, da taga nake kwatanta su ga yaran shagona. Faɗin da ka buɗe tagar, shi ne ƙofar haske. Lambarta takan rikita ɗan koyo, don f/2.8 ita ce buɗaɗɗiya, f/16 ƙanƙanuwa, kuma buɗaɗɗiyar ce ke sa bayan mutum ya yi dishi-dishi shi ya fito. Tsawon lokacin da tagar ta yi a buɗe, shi ne saurin ƙiftawa. In saurin bai kai 1/60 na daƙiƙa ba, kyamara kuma a hannu, hoto zai iya yin rawa, dokin da ke sukuwa kuwa a Hawan Daushe na Zariya ko a filin folo na Murtala Square sai ka kai wajen 1/1000 kafin ka tsayar da shi. Na uku ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, 100 a rana, a ɗaga shi a cikin ɗaki, amma in ya yi yawa hoto ya yi tsakuwa-tsakuwa. Malaman Hausa na jami'o'inmu za su taimaka wajen daidaita kalmomin, sai dai ina roƙon su zauna da mu tukuna, don muna da namu da muke faɗa a bakin aiki: hoto ya ƙone, ya nutse, ya yi rawa, ya fashe.

A cikin wannan littafin dole a sa babin ladabi. Ba a ɗaukar mutum sai da izininsa. Wajen kamu da sa lalle akwai matan da ba sa so, kuma hoton biki amana ce, ba a yaɗa shi don tallar shago sai masu shi sun yarda. In an yi hatsari a hanya, mai waya ya taimaka ko ya matsa, gawar ɗan wani ba abin ɗauka ba ce.

Da babin ajiya. Wani bawan Allah ya taɓa zuwa shagona idonsa jawur, mahaifiyarsa ta rasu, hotunanta duk suna cikin wayar da aka sace masa a tasha. Ya tuna na taɓa ɗaukar hoton bikin sunan ɗansa shekaru da yawa da suka wuce. Muka kwana biyu muna tona tsofaffin fim ɗin kyamara da na tara a kwali, har muka same ta a gefen wani hoto tana riƙe da jaririn. Da wani ya gaya masa Google na ba kowa wurin ajiya na gigabait 15 kyauta, ko ya ce masa ya wanke ko guda biyar ya sa a albam, da bai shiga wannan halin ba. Haka mutane da yawa ba su san WhatsApp na matse hoto ba in ba a tura shi a matsayin fayil ba, sai an zo wankewa babba a ga ya fashe.

Na san za a ce ai duk wannan yana YouTube da TikTok. Ina kallo, ina ƙaruwa, yarana ma haka. Amma bidiyo data yake ci, kuma ba shi da aji ɗaya da aji biyu, yau ka ga kek, gobe ka ga shawarma, ba ka iya dafa shinkafa ba. Ana yanke wurin da abin ya ɓaci, ana nuna wanda ya yi kyau. Wanda hannunsa ke cikin ƙullu kuma ba zai iya ta mayar da bidiyo baya ba. Littafi kuwa ka buɗe shi ka danne da ludayi, ko an ɗauke wuta yana nan. In ana so a haɗa biyun, a buga lambar nan mai murabba'i da ake haskawa da waya a gefen shafi, mai data ya kalli yadda ake tuƙin.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. A Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a can kuma hukumar wallafa littattafai ta Arewa, NORLA, ta riƙa buga ƙananan littattafai cikin shekarun 1950 saboda 'yan ajin Yaƙi da Jahilci. Mahaifina a irin wannan ajin ya koyi boko, kuma har ya rasu yana ajiye da 'yan littattafansa a adaka. Sirara ne, harshensu mai sauƙi, talaka na iya saye. Irinsu nake nufi: shafi arba'in zuwa sittin, manyan baƙaƙe, hoto a kowane mataki, farashin da bai fi ƙarfin ɗalibi ba. In launi zai sa tsada, a yi shi a shafukan tsakiya kawai.

Sharaɗi ɗaya nake roƙon duk wanda zai rubuta ya cika. Kafin ya kai maɗaba'a, ya miƙa rubutun ga wanda bai taɓa yi ba, ya koma gefe ya zauna, ya kame bakinsa. Duk inda mutumin ya tsaya ya ɗago kai yana neman tambaya, to akwai layin da ya ɓace a wurin, a koma a rubuta shi.

Malam Edita, kai ma akwai abin da za ka iya. Ka ware mana ko rabin shafi ne a mako, sati ɗaya girki, sati ɗaya hoto, masu karatu su gwada su rubuto inda suka maƙale. Cikin shekara guda an tara littafi biyu da aka riga aka gwada. Ni ba marubuci ba ne, amma ina da littafin rubutu mai darasin hoto ashirin da na sake tsarawa tun daga bara, ina gwada su a kan yara biyun da ke hannuna yanzu. Ina kuma da girki goma sha huɗu da na auna a gaban Yaya da gwangwanin madara, babban ɗana ya dafa tara daga ciki shi kaɗai da takardar a hannunsa. Marubucin da ya shirya ya neme ni ta hannunka, zan ba shi duka. Waina ce kaɗai ba mu kammala ba: mun auna ta a sanyi, Yaya ta ce kada in ba kowa sai mun sake aunawa a zafin Maris.

Wassalam.

Naka,
Mai ɗaukar hoto,
Tudun Wada, Kaduna.